Masu cewa "sai na yi ritaya"

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Akwai maganar da Shaiɗan ya iya raɗa wa mai ƙarfi a jika: bari ka gama nema tukuna, ibada tana nan tana jiranka. Duk mai wannan lissafi ya tsaya ya dubi Hakeem Olajuwon.

An haife shi a Legas a 1963. Ƙwallon ƙafa ya fara yi, a raga yake tsayawa, sai da ya zama saurayi ya kama ƙwallon kwando. Ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, kuma a 1984 shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, gaba da Michael Jordan da ya zo na uku. A shekarun farko kowa ya san shi da zafin rai, abu kaɗan sai faɗa a fili. Da ya juyo ga addininsa gadan-gadan, ba tsufa ne ya kora shi masallaci ba. Yana ganiyarsa ne, kuɗi na shigowa, ƙafa na tashi.

Ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994, ya maimaita a 1995. Azumin wannan shekara ta biyu ya faɗo a Fabrairu, ana tsakiyar kakar wasa. Mutum ne mai kai-komo a fili, gumi na zuba, abokan wasa na ɗaga gorar ruwa lokacin hutu, shi yana zaune da busasshen leɓe idan wasan rana ne. A wannan watan aka ba shi gwarzon ɗan wasan wata. Ban ce kowa ya yi haka ba, Allah Ya yi wa matafiyi da mara lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba laifi ba ne. Amma wanda ke zaune a ofis mai sanyi yana jinkirta Azahar har La'asar, wai aiki ya yi yawa, da wace hujja zai kare kansa?

Ƙarfin kuwa ya tafi, kamar yadda Allah Ya faɗa a Suratur Rum: Ya halicce mu daga rauni, Ya ba mu ƙarfi, sannan Ya mayar da mu ga rauni da furfura. A 2002 Olajuwon ya ajiye wasa bayan kaka ɗaya a ƙungiyar Toronto, ya bar tarihin tare ƙwallo sau 3,830.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan nan. Tun yana ɗalibi Moses Malone, wani gwarzon ɗan wasan NBA, ke goga shi a lokacin hutu, kuma bai riƙe abin da ya samu ba. Manyan taurarin NBA sun riƙa zuwa koyo: Kobe Bryant ya je wurinsa a 2009. LeBron James ya je a 2011 bayan ya sha kashi a wasan ƙarshe, dattijon ya tsaya yana nuna masa inda ake dasa ƙafa da yadda ake yaudarar mai tsaro da kafaɗa. Shekara na zagayowa LeBron ya ɗaga kofi.

Mu kuwa a cikinmu akwai mai ɓoye wa yaronsa sirrin sana'a don kada ya fi shi, har a kai shi kabari da shi. Akwai wanda ya iya Fatiha daidai, maƙwabcinsa na karanta ta da kuskure shekara da shekaru, bai taɓa jan sa gefe ba. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.