Yawan ciyarwa ba ya ƙara wa babban bullsnake tsawo

Wasu masu kiwon macijin bullsnake, ɗan asalin Amurka ta Arewa, suna zaton idan suka dinga cusa masa ɓeraye zai yi ta tsawo. Ba haka ba ne. Yakan yi saurin girma a shekaru 2 zuwa 3 na farko, daga nan girman sai ya ja baya sosai. Yawancinsu kan tsaya tsakanin mita 1.2 da 1.8, kaɗan ne ke wuce mita 2.

Abincin da ya wuce kima kitse yake zama, ya taru har a hanta, ya rage masa kwana. Macijin kuwa ba kasafai yake ƙin tayi ba, shi ya sa ake ruɗuwa. Ga babban maciji, ɓera ɗaya mai kaurin tsakiyar jikin macijin duk kwana 10 zuwa 14 ya wadatar.