Daga Prinsipe zuwa Gadabedji: a ba mai daji rabonsa

Tsibirin Prinsipe da ke mashigin tekun Gini bai kai murabba'in kilomita 150 ba, mutanensa kuma 'yan dubbai ne. Shi da Sao Tome ƙasa ɗaya ce, wadda ta karɓi 'yanci daga Fotugal a 1975. A 2012 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibirin cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittu tare da jama'ar da ke zaune a ciki, a 2017 kuma gandun dajinmu na Gadabedji da ke jihar Maradi ya shiga wannan jeri. Shi ya sa nake ganin abin da ke faruwa can ya shafe mu a Maradi, ko da yake mu ba mu da teku.

Da dare kunkurun teku kan fito bisa rairayi, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su ruga teku. Shekaru da yawa masunta na cin naman, suna kwashe ƙwan, suna sayar da ƙoƙon bayan. A 2014 gwamnati ta kafa dokar hani. Amma doka ba ta kwana bakin ruwa. Abin da ya yi tasiri shi ne ɗaukar wasu daga cikin mafarautan nan aikin gadi, ana biyansu. Wanda ya san daren da kunkuru ke fitowa, shi ya fi kowa iya tsaronta.

Noman tsibirin ma darasi ne. A farkon ƙarni na 20 tsibiran biyu na cikin manyan masu fitar da koko a duniya, amma da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola, Mozambik da Kap Bar, cikin halin da bai da maraba da bauta, har kamfanonin cakulan na Ingila suka daina saye a 1909. Bayan 'yanci gwamnati ta karɓe manyan gandayen, noma ya durƙushe. Sai a shekarun 1990 aka rarraba filaye ga ƙananan manoma. Koko kuwa inuwa yake so, don haka manomin da gona ta zama tasa ba ya gaggawar sare manyan itatuwa.

Mu wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Lokacin da ake ɗaukar itace na hukuma ne, manomi na tumɓuke tsiron gawo tun yana ƙarami don kada ya jawo masa tara. Da sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa ya girma cikin gona, ya kankama a nan Maradi a shekarun 1980, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai ga gawo da kalgo sun dawo cikin gero, daga nan har Damagaram.

Akwai abin da ba na so mu kwaikwaya. Prinsipe ya jingina da otal-otal masu tsada na baƙi, kuma kuɗin yawon buɗe ido kan tsaya ne hannun mai jari. Mu ma ko mun so, halin tsaro ya hana baƙi zuwa. Raƙuman dawa 8 da aka kawo Gadabedji daga Kure a 2018 ba za su dogara da Turawa masu ɗaukar hoto ba. Fulani da Buzayen da ke kiwo kewaye da gandun su ne maƙwabtansu dare da rana. A ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da albashi mai zuwa kan lokaci, a zauna da ardo-ardo da hakimai a tsara yadda za a amfana da ciyawar gandun a shekarar fari, kuma a sa kuɗin wannan aiki cikin kasafin jiha, ba a jira ƙungiyoyin waje ba.