Babu rumbun bayanan da ya fi kowa gudu a kowane aiki

Idan babban kamfani zai kafa manhajar tafiyar da harkokinsa, irin ta SAP, akan tambaya: tsakanin rumbunan bayanai (manhajojin da ke ajiye bayanan kamfani) irin su Oracle, Db2 na IBM, SQL Server na Microsoft da HANA na SAP, wanne ya fi sauri? Mutane da yawa na ɗauka a duba sakamakon gwaji kawai a ɗauki na sama. Ba haka abin yake ba.

Aikin iri biyu ne. Akwai shigar da ƙananan ma'amaloli dubbai a lokaci ɗaya, kamar oda da rasit da biyan kuɗi. Wannan ne gwajin TPC-C, wanda ya fito a 1992, yake aunawa. Akwai kuma haɗa rahoto daga miliyoyin layuka, misali cinikin shekara na kowane reshe, shi kuma TPC-H ke auna shi. Rumbun da ke ajiye bayanai layi-layi yakan yi fice a na farko, mai ajiye su ginshiƙi-ginshiƙi kuma a na biyu.

Alƙaluman da ake tallatawa ma galibi masu sayarwar ne ke fitar da su, a kan injinan da aka gyara musamman domin gwajin. Lasisin Oracle ya hana wallafa sakamakon gwaji ba da izininsu ba, abin da a ganina ya isa a yi hattara.

Sau da yawa nawar da ma'aikata ke kuka da ita daga umarnin neman bayanai da aka rubuta wa rumbun ba daidai ba take, ko rashin fihirisa (jerin da ke saurin kai rumbun ga layin da ake nema) a teburin bayanai. Ga wanda ya koma S/4HANA, manhajar SAP da aka ƙaddamar a 2015, zaɓin ma ya ƙare, domin kan HANA kaɗai yake aiki.