Daren da laftof ɗina ya zama murhu

Wallahi girman kai ne ya ja min. Furojek ɗina na buƙatar OpenCV, laburaren nan na sarrafa hoto da kamfanin Intel ya faro, da C++ aka rubuta shi, kuma kyauta ne kowa ya ɗiba. Sai na ce ni ba zan ci dafaffe ba, daga ɗanyen kod zan haɗa abina, don gobe in samu na cika baki a majalisa.

Watan Janairu ne, sanyin Jos ya sauko Anguwar Rogo har haƙora na haɗuwa. Bayan isha'i na jawo kod ɗin daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, data ta tafi kamar an fasa tulu, na yi cmake, wanda ke duba injin ya shirya haɗin, ya zubo rubutu rututu, ban karanta ko layi ɗaya ba, wa ke da wannan lokacin? Na buga make -j8, umarnin haɗa kod ɗin, don wani a intanet ya ce ya fi sauri, ashe shi injinsa doki ne, ni nawa jaki mai RAM 4GB, aiki takwas a lokaci guda ai zalunci ne. Fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, linzami ya sandare, komai ya tsaya cak.

Na kashe na kunna, na koma make -j1 a ladabce. Umma ta leƙo ta ji ɗumin da ke fita ta gefe, ta jawo tabarma ta miƙe ƙafa a wurin, wai ya fi gawayi tunda ba hayaƙi. Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, batir ya mutu, Allah ya so make ba ya sake abin da ya riga ya gama, da wuta ta dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ana kiran assalatu ya kai 100%. Na gyara zama na rubuta import cv2, wato kiran OpenCV a yaren kod na Python. Wai babu! Ashe tun a rubutun da na tsallake cmake ya faɗa min bai ga numpy, laburaren lissafi na Python, ba, don haka ɓangaren Python ko taɓa shi bai yi ba.

Ƙanena ɗan sakandare ya taso yana murza ido, "Yaya, me ya hana ka pip install opencv-python?" Wato a sauko da dafaffen kawai. Ya buga, ko shayi bai huce ba abu ya hau. Na ce ai na sani, gwaji nake yi. Umma ta ce to yau ma a maimaita gwajin, ƙafarta ta ji daɗi.