Miji na karɓar tallafi, mata na jiran takardar zama: ina matsalar take a Birtaniya?

A zaurukan WhatsApp na 'yan Najeriya mazauna Birtaniya akwai wata fatawa da ake yi wa duk wanda ya kawo iyalinsa: muddin matarka na kan bizar aure, kada ka kuskura ka karɓi ko sisin kwabo daga gwamnati, in ka karɓa to ka sa a hana ta takardar zama ta dindindin. Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai maganar ta wuce abin da doka ta ce, tana sa gidaje da dama suna barin haƙƙinsu saboda tsoro, alhali wurin da ake faɗawa rami yana can wani ɓangare daban.

Wadda ta shigo da bizar aure kan samu izinin zama na wata 33, ta sabunta na wata 30, bayan shekara biyar ta nemi zaman dindindin da suke kira ILR. A duk tsawon lokacin akwai sharaɗi a kanta cewa ba ta da damar taɓa kuɗin tallafin gwamnati. Da can a bayan katin zama ake rubuta shi, yanzu da aka koma bizar intanet sai mutum ya shiga shafinsa ya gani. Abubuwan da aka haramta mata a jere suke: Universal Credit (tallafin wata-wata ga masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki), kuɗin yara na Child Benefit, tallafin haya, rangwamen harajin ƙaramar hukuma na masu ƙaramin ƙarfi, gidan gwamnati, da kuɗin naƙasa. Asibitin NHS ba ya ciki, ai ta riga ta biya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza. Makarantar yara ba ta ciki. Kuɗin hutun haihuwa da na rashin lafiya da ake biyan ma'aikaci saboda aikinsa su ma ba sa ciki.

Sharaɗin a kanta yake ita kaɗai. Mijin da ke da fasfon Birtaniya ko zaman dindindin bai rasa haƙƙinsa don ya auro daga Kano ko Zariya ba. Dokokin shige da fice sun fayyace cewa ba za a ɗauka mutum ya ci kuɗin gwamnati don kawai wanda ya ɗauki nauyinsa yana karɓar tallafi ba, sai idan zaman nasa ne ya sa kuɗin ya ƙaru. Wannan togaciya ita ce gaba ɗayan maganar. Idan miji na karɓar kuɗin yara da sunansa saboda ɗansu, babu abin da ya taɓa matar. Idan ya nemi Universal Credit, zai bayyana cewa yana da mata, a biya shi a matsayin mutum ɗaya, ba a ƙara masa komai dominta ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne a cika takarda da sunanta, ko wani jami'i ya yi kuskure ya biya su kuɗin ma'aurata, ko a sa sunanta a yarjejeniyar gidan ƙaramar hukuma. Jami'in tallafi ba lauyan shige da fice ba ne, yana iya ba ka abin da Ma'aikatar Cikin Gida za ta kama ka da shi bayan shekara uku. Wanda ya ga kuɗin ya haura abin da ya dace da mutum ɗaya, gara ya rubuta musu nan take su gyara, ya adana kwafin abin da ya rubuta.

To in haka ne, me ya sa ake yawan jin an ƙi wa wance takarda kuma mijinta na kan tallafi? Saboda akwai wani sharaɗin, wanda ya fi na farko cizo: mafi ƙarancin kuɗin shiga. A watan Yulin 2012 aka fara neman fam 18,600 a shekara. Daga 11 ga Afrilun 2024 aka mai da shi fam 29,000 ga sababbin masu nema, waɗanda suka riga suka shiga tsarin kuma aka bar su a kan tsohon adadi. Ba sau ɗaya ake cika shi ba, sai an nuna shi wajen shigowa, wajen sabuntawa, da wajen neman zaman dindindin, da takardun albashi na wata shida da bayanan banki da suka yi daidai da su. Universal Credit da kuɗin yara ba sa shiga lissafin. Mai aiki cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi na 2025, wato fam 12.21 a awa, in yana yin awa 37 da rabi a mako, bai kai fam 24,000 a shekara ba. Ke nan magidancin da ke karɓar tallafi galibi shi ne wanda albashinsa bai kai ba. Ƙarancin albashin ne ya kayar da takardar, amma labari in ya iso zaure sai a ce tallafin ne.

Nan ne nake ganin tsarin bai yi adalci ba. Idan mijin ya je neman Universal Credit, ana duba albashin matar da ajiyarta a rage masa abin da za a ba shi, domin a wurin hukumar tallafi gida ɗaya ne, tukunya ɗaya. Amma ba a ƙara masa ko fam ɗaya don ciyar da ita, domin a nan kuma baƙuwa ce. Idan suka koma wajen Ma'aikatar Cikin Gida, ɗan abin da aka ba shi ba ya cikin kuɗin shigar gidan. Duk ta inda aka juya lissafin, iyalin ne ke asara. Sannan a ƙarshe a nemi fam 3,029, kuɗin neman zaman dindindin a 2025, daga wannan aljihun.

Gwamnati na da hujjarta, kuma ba ta banza ba ce: wanda ya kawo iyali ya ɗauki nauyinsu, kada ya jibga wa masu biyan haraji. Kotun Ƙolin Birtaniya a 2017 ta amince cewa sharaɗin kuɗin shiga bai saɓa wa doka ba, duk da ta ce ba a kula da maslahar yara yadda ya kamata ba. Na yarda ƙasa na da ikon sa sharaɗi. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a ajiye ma'aunin sama da abin da ma'aikacin cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi ke samu a ƙasar. Kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura, a rahotonsa na Yunin 2025, ya yi gargaɗi kan ɗaga adadin zuwa fam 38,700 da gwamnatin Conservative ta tsara, ya kuma kawo hanyoyin lissafi da ke ba da adadi ƙasa da na yanzu.

Wani abin da masu fatawar ba sa ambata: akwai tallafin da ke sauƙaƙa neman takardar. Idan mijin na karɓar kuɗin naƙasa irin su PIP, ko kuɗin mai jinyar wani na Carer's Allowance, ana ɗauke masa sharaɗin fam 29,000. Sai ya nuna cewa bayan an cire haya da harajin gida, abin da ya rage ya kai ma'aunin da gwamnati ta sa wa iyali irin nasa. Magidanci mai larura da ya ƙi neman haƙƙinsa don kare takardar matarsa, ya toshe ƙofar da doka ta buɗe masa da hannunsa.

Hukuncin ya bambanta ga ɗimbin 'yan Najeriya da suka shiga da bizar aiki, musamman masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. A nan miji da mata duka sharaɗin na kansu, babu mai karɓa a madadin wani. Su ne kuma suka fi shiga zullumi da shawarar da Sakatariyar Cikin Gida Shabana Mahmood ta gabatar a Nuwamban 2025, wadda za ta mai da wa'adin neman zaman dindindin shekara 10 ga yawancin masu nema, tare da ƙarin shekara biyar ga wanda ya karɓi tallafi na ƙasa da wata 12, da shekara 10 ga wanda ya wuce haka. An ce matan da mazan 'yan ƙasa za su ci gaba da shekara biyar. A matsayin shawara aka gabatar da ita, don haka mai shirin nema ya duba abin da ke aiki a ranar da zai miƙa takarda.

Akwai kuma mazan da ke amfani da wannan tsoro a matsayin bulala, su ce wa mace in ta kai ƙara ko ta nemi agaji za a mayar da ita gida. Matar da ke kan bizar aure, aurenta ya mutu saboda duka ko cin zarafi, tana iya neman izinin wata uku da zai ba ta damar karɓar tallafi, ta kuma nemi zaman dindindin ba tare da mijin ba. Taimakon da ƙaramar hukuma ke ba yara mabuƙata a ƙarƙashin dokar yara ta 1989 shi ma ba ya cikin kuɗin da aka haramta.

Ranar cika takarda za a tambayi batun tallafi, kuma bayanan bankin da aka haɗa suna nuna duk kuɗin da ya shigo daga hukumar tallafi ta DWP ko hukumar haraji ta HMRC. Tallafin miji da ya karɓa bisa ƙa'ida ba dalilin ƙin takarda ba ne, amma ɓoye shi na iya zama yaudara, ita kuwa yaudara dalili ce. A rubuta shi yadda yake, a nuna da sunan wa ake biya. Mai shakka ya je ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, kyauta ne, ko ya nemi lauya ko mashawarcin da ke da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, kafin ya cika takardar tallafin, ba bayan kuɗin sun fara shigowa ba.