Na Kulle Ɓarawo a Waje, Na Haɗa da Kaina

Ni malamin sakandare ne a Kano, shekaruna 43, ina da iyali da 'yar furfura a gemu, kuma duk wanda ya gan ni da jan biro a aljihu ba zai taɓa kawo wa ransa cewa na mallaki ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba. To, na mallaka. Tana zaune a cikin wayata, a wasan eFootball na kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda aka sani da PES kafin a sauya masa suna a 2021. Ɗan yayata ne ya koya mini a wani dogon hutu, shi ne kuma ya haɗa wasan da asusuna na Google, domin ko waya ta ɓata kada 'yan wasana su bi ta. Shekara uku na yi ina tara su ɗaya bayan ɗaya bayan sallar isha'i, yayin da uwargida take ɗauka cewa sakamakon ɗalibai nake shigarwa, har takan hana yara surutu saboda Malam yana aiki.

Wani daren Laraba, wajen ƙarfe biyu, na farka shan ruwa sai na tarar da saƙon gargaɗi a waya. An ce wani ya yi ƙoƙarin shiga asusuna daga wata kwamfuta, kuma da kalmar sirrina ta gaskiya ya zo, sai dai an tare shi a bakin ƙofa saboda ba a yarda da inda ya ɓullo ba. Da na duba wurin, sai na ga an rubuta Jamus. Ni da iyakar tafiyata a duniya ita ce Lakwaja, nan ɗin ma ɗaurin aure ne ya kai ni, me ya haɗa ni da Bajamushe? Nan take cikina ya ɗuri ruwa. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, ban fara tuna takardun aiki ko hotunan yara da ke cikin asusun ba, mai tsaron gidan ƙungiyata na fara tunawa, wanda na yi wata biyu ina tara kwabban wasan kafin na same shi.

Ina zaune a gefen gado sai gaskiya ta faɗo mini a rai. Mako guda kafin nan, wani ya jefo mahaɗi a zaurenmu na WhatsApp, wai ana rabon kwabban wasan kyauta ga wanda ya riga. Na bi, na tarar da shafi mai kyau da hotunan 'yan ƙwallo, ya nemi adireshin imel da kalmar sirri, ni kuwa na ba shi da hannu biyu kamar mai biyan bashi. Ban ga ko kwabo ba. Kalmar sirrin ita ce sunan 'yata ta fari da 1234 a ƙarshe, kuma da ita nake buɗe komai, tun daga Facebook har shafin duba albashi. Ni da nake koyar da yara cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, har ina sa su rubuta shi sau goma a littafi.

Na sauya kalmar sirri a cikin duhu, hannu yana rawa, sannan na shiga jerin na'urorin da suke cikin asusun domin in ga ko wani ya riga ya shimfiɗa tabarma. Sai ga wata waya ƙirar Tecno, tana Legas, kuma a daidai wannan lokacin tana ciki. Mutum ɗaya na sani a Legas, wato ɗan baffana wanda yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya girme ni da shekara tara, kuma ya kwana uku a gidana da Babbar Sallah, har ya ari wayata sau biyu ya yi kira. Na haɗa lissafina tsaf, na ga babu inda ya karye. Ana idar da sallar asuba na kira shi.

Bayan gaisuwar da na gajarta da gangan, na ce, "Yaya, idan wani abu kake buƙata ai gara ka tambaye ni, amma shiga asusun mutum cikin dare bai dace da girmanka ba." Ya yi shiru, ina jin ƙarar motocin kaya a bayansa, sannan ya tambaye ni nawa aka cire. Na ce ba na banki ba ne, na ƙwallo ne. Ya ce wace ƙwallo? Na fara bayani, ina tsaka da ambaton mai tsaron gida ya katse ni, ya ce shi wayarsa ƙarama ce mai tocila, ko hoto ba ta ɗauka, kuma zai kira Hajiya ya ji ko lafiyata ƙalau.

Ɗan yayata ya iso da hantsi, ya karɓi wayar, ya dubi Tecno ɗin Legas, sai ya kama dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu, ai wannan wayar hannunka ce." Ya nuna mini ɗan rubutun da ke ƙasa, wanda yake cewa na'urar da kake riƙe da ita ce, rubutun da tsoro ya hana ni gani. Ya bayyana mini cewa wurin da ake nunawa ƙiyasi ne daga adireshin intanet, kuma sau da yawa layukan waya na Najeriya sukan nuna mutum a Legas alhali yana kwance a ɗakinsa a Kano. Shi ma na Jamus ɗin, in ji shi, ba lallai Bajamushe ba ne, domin 'yan kutse sukan bi ta manhajar VPN su ɓoye inda suke, mai yiwuwa ma yaron yana bayan layinmu. Sai da na aika wa Yaya katin waya da saƙon ban haƙuri mai tsawon takardar neman aiki.

Daga nan yaron ya zauna ya gyara mini komai. Ya sa na ƙirƙiri doguwar kalmar sirri daga kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, ya raba ta da ta sauran shafuka, sannan ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba kafin a shiga. Ya ce bai so a dogara da saƙon tes ba, saboda ana iya sace layin mutum, sai ya saukar mini da manhajar Google Authenticator, mai fitar da lamba shida da take sauyawa duk bayan daƙiƙa 30, ko da babu data. A ƙarshe ya fito da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, ya ce in kwafe a takarda in adana. Na kwafe da jan biro, na ninke, na cusa a ƙarƙashin katifa, ina jin kaina kamar mai tsaron Babban Banki.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da aka koma makaranta, aka fara ja layi a rajistar halarta da ƙarfe takwas daidai, ni kuma na yi wa kaina dabara, na cire agogon waya daga saitin kansa na tura shi gaba da minti goma. Bayan albashi na shiga kasuwar Farm Centre na sayi waya ta hannu mai faffadar fuska, da hujjar cewa idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Na mayar da layina cikinta, tsohuwar ta zauna babu intanet, na zo shiga asusu. Na sa kalmar sirri, ta wuce. Aka nemi lamba shida, na kwafa daga tsohuwar waya, aka ce ba daidai ba ce. Na jira sabuwa, na sa da bismilla, aka sake ƙi. Na goge tabarau, na karanta da ƙarfi kamar mai kiran sunayen aji, har sai da shafin ya gaji da ni ya ce in dakata in sake gwadawa daga baya. Ban san cewa lambobin da lokaci ake lissafa su ba, wato ni ina miƙa lambar da za ta yi aiki nan da minti goma, mai gadi kuwa ta yanzu yake nema.

Na ce ai ina da makami, na ɗaga katifa. Babu takarda. Na ɗaga ta gaba ɗaya na jingine a bango, na tarar da tsohon rasit na wutar lantarki da murfin biro, amma takarda ta yi ɓatan dabo. Ina durƙushe ina leƙen ƙarƙashin gado da tocila uwargida ta shigo, ta tsaya a kaina, ta ce, "Malam, wannan kake nema?" Takardar tana hannunta, a ninke kamar yadda na bar ta. Ta ce tun ranar da ta sauya zanen gado ta gan ta, ta ƙirga lambobin ta ga ba su kai na waya ba, ba su kai na asusun banki ba, ta nuna wa ƙanwarta, suka yi shawara suka tsayar da cewa lambobin caca ne. Kwana goma sha biyu ke nan tana yi mini addu'ar shiriya ba tare da na sani ba.

Mutum yana da zaɓi biyu a irin wannan hali, ko ya karɓi sunan ɗan caca, ko ya faɗi abin da yake yi bayan isha'i. Na zaɓi na biyu, kuma har yanzu ban tabbata shi ne mai sauƙin ba. Na zaunar da ita na ba ta labari tun daga PES har zuwa Jamus. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai a ƙarshe ta yi tambaya ɗaya: "Wato duk shirun da nake sa yara su yi, ƙwallo kake bugawa?" Na ce akwai ranakun da da gaske sakamako nake shigarwa. Ta ce guda nawa? Na ga babu amfanin shiga lissafi.

Ba ta ba ni takardar ba. Ta karanto mini lamba ɗaya, na shigar, ƙofa ta buɗe, ga 'yan wasana cif, mai tsaron gida yana nan da safar hannunsa. Ta karɓi jan birona ta soke lambar da aka yi amfani da ita, ta ce saura tara, ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane. Washegari ɗan yayata ya mayar da agogon kan saitinsa cikin daƙiƙa biyar, lambobi suka ci gaba da aiki, ni kuma na makara aka ja mini layi a kai. A daren na buga wasa a falo, a gaban kowa, karon farko cikin shekara uku, yara suna ihu yadda suka ga dama tunda dokar shiru ta faɗi. Wani yaro da ban san ko a wace ƙasa yake ba ya zura mini huɗu babu ko ɗaya, uwargida kuwa ta leƙo daga kicin ta tambaya ko wannan ne mai tsaron gidan da na tayar da Yaya da asuba dominsa.