Ƙararrawar ɓarawo da ke mutuwa a daren da aka fi buƙatarta

Wallahi abin da masu saka ƙararrawar tsaro ke yi wa magidanta ya isa haka. A karɓi maƙudan kuɗin mutum, a liƙa masa akwati a bango, a danna jiniya ta yi ihu sau ɗaya, a tafi. Ba wanda ya zauna ya lissafa awa nawa batirin cikin akwatin zai riƙe in an ɗauke wuta, alhali a ƙasar nan tambayar farko ke nan.

Yawancin akwatunan suna zuwa da batir mai ruwan acid a rufe, 12V 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Allon na'urar, madannan lamba, idanun gane motsi biyar ko shida da ɓangaren da ke ɗauke da sim, in ka haɗa su za su ja wutar da ta kai kusan 400mA, wato 0.4A. A takarda, in ka raba 7Ah da 0.4A, awa 17 ke nan. A zahiri, in ka samu awa 12 daga sabon batir ka gode Allah. Ba kuskure aka yi a masana'anta ba: ƙa'idar Turai ta EN 50131 awa 12 ta gindaya wa na'urorin gida na mataki na biyu, ta kuma ba su har awa 72 su mayar da caji kashi 80. An ƙera su ne don inda wuta ke tafiya ta dawo kafin shayi ya huce. Mai sakawa ya san wannan, ya yi shiru.

Ga inda abin ya fi ciwo. Cajar da ke cikin akwatin ƙarama ce, yawanci 350mA zuwa 700mA. Ɗauki gidan da ke rukunin Band D na kamfanin rarraba wutar lantarki, wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 8 a rana. Da caja mai 400mA, abin da ya shiga batir 3.2Ah ne, abin da ya fita cikin awa 16 na duhu kuwa 6.4Ah. Kullum ana cin bashi. Batirin ba ya cika, gishirin dalma yana daskarewa a jikin farantansa, cikin 'yan watanni 7Ah ya koma ɗaya ko biyu. Akwatuna da dama ba su da abin da zai yanke batir in ya sauka ƙasa da 10.5V, sai su tsotse shi ƙarƙaf. Duhun da ya rufe Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024 ya isa ya kashe duk irin wannan batir da ba a cire ba.

Sai kuma zafi. Shekara uku zuwa biyar da ake rubutawa a jikin batir, a zafin digiri 25 ake nufi, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rabin rayuwarsa. Amma sai ka tarar an cusa akwatin cikin silin, ƙarƙashin kwano, a garin da ke haura 40 a watan Afrilu. Buɗe ka gani: batir ya kumbura, farin gari ya cinye kawunan waya. Ga jabu a kasuwa. 7Ah na gaske yana haura kilo biyu, wanda ka ɗaga ka ji shi fayau, dalmar ce aka rage.

Jiniyar waje ma ta ƙara ta'azzara lamarin. Mai batirin kanta an tsara ta ne ta yi kuka in wutar da ke zuwa mata daga akwati ta yanke, don kada ɓarawo ya datse waya. To batirin ciki na mutuwa ƙarfe biyun dare, sai ta tashi unguwa. In ta yi haka sau uku, ranar da ɓarayin gaske suka haura katanga ba maƙwabcin da zai leƙo.

Kada wani ya auna maka da mita ya ce ai 12.7V yake nunawa, lafiya lau. Mataccen batir ma yana nuna haka in ba a ɗora masa kaya ba. A cire shi, a jona masa kwan mota mai 21W, a sa ido minti biyu. In ya faɗi ƙasa da 12V, ya gama aiki. Kuma sa batir babba a kan ƙaramar cajar nan zuba ruwa ne a kwando, ba za ta taɓa cika shi ba. Ko a jona taransifomar akwatin kan inbatar gida, ko a ƙara akwatin wuta daban mai cajar 2A zuwa 3A da batir 18Ah, ko farantin sola mai 30W zuwa 50W da na'urar daidaita caji. A sa mayankin da zai raba batir da kaya a 11V, a sauko da akwatin daga silin, a rubuta ranar sakawa a jikin batir da alƙalamin maka. Mai sakawar da ya ƙi auna abin da na'urar ke ja a gabanka, ya rubuta maka awannin da za ta riƙe, kada ka biya shi cikon kuɗinsa.